Komawa keken hawan dutse bayan rauni: da wane keke ya kamata ka fara?

Duk mai hawan keke a duwatsu da ya taɓa jinyar karaya ya san ɗokin da ke kama mutum ranar da likita ya duba hoto ya ce ƙashi ya haɗe. A makon za ka fara zagaya keken da ke jingine a zaure, kana taɓa birki, kana matsa taya. A makon ne kuma abokan hawa za su taso da shawarwari masu karo da juna. Wani ya ce ka sayar da naka ka sayi mai shoka gaba da baya don jikinka ya huta. Wani ya ce mai batir ne maganin matsalarka. Wani ya ce ka haƙura da daji, ka riƙa tuƙa keke a ɗaki har bayan damina. Kowannensu yana da gaskiya a wani wuri, sai dai gaskiyar ta danganta da gaɓar da ta ji ciwo, da abin da ke aljihunka, da garin da kake zaune.

Zaɓi huɗu zan auna: keken ɗaki da ake kafawa wuri guda, keke mai shoka a gaba kawai, keke mai shoka gaba da baya, da keken dutse mai batir. Farashin da dalar Amurka zan faɗa, domin kayan nan duk daga waje ake shigo da su, naira kuwa ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Abin da za a auna da shi

Ma'auni na farko, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne gaɓar da ta ji rauni. Mai keken dutse ya fi faɗuwa ta kan hannun keke, ya kai hannu ƙasa don ya tare, shi ya sa karayar ƙashin da ya haɗa ƙirji da kafaɗa, da gocewar kafaɗa, da karayar wuyan hannu suka fi yawa a wannan wasa. Ƙashin nan na kafaɗa yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗe a jikin babba. In an yi aiki an sa ƙarfe, zafin yana tafiya da wuri, kuma a nan mutane ke ruɗuwa: ƙarfen ne ya riƙe wurin, ƙashin bai gama ɗinkewa ba. A wuyan hannu akwai wani ɗan ƙaramin ƙashi a gindin babban yatsa wanda jini ba ya isarsa sosai. Tsagewarsa ba ta cika fitowa a hoton farko ba, sai an sake ɗauka bayan kwana 10 zuwa 14, kuma yana da jinkirin warkewa. Wanda aka yi wa aikin jijiyar gwiwa kuwa lissafinsa na watanni ne, sau da yawa 9 zuwa 12 kafin a bar shi ya koma wasan da ƙafa ke murɗewa. Ita kuma buguwar kai ba ta da hoton da zai nuna maka ta warke.

Na biyu shi ne haɗari, kuma ina nufin abu biyu: yiwuwar sake faɗuwa, da gudun da za ka kasance a kai in faɗuwar ta zo. Keken da ya fi taushi a jiki yakan fi jan mutum ga gudu. Ka riƙe wannan, don zai dawo a wurare da dama.

Sauran ukun su ne kuɗi, ƙarko tare da samun mai gyara, da sauƙin sarrafawa ga jikin da ya yi watanni bai yi aiki ba. Nauyin keke yana cikin wannan na ƙarshe, domin ba tuƙi kaɗai ake yi da shi ba. Ana ɗaga shi a sa a mota, ana tsallaka kwazazzabo da shi, ana tayar da shi in ya kwanta.

Akwai abin da babu keken da zai maye gurbinsa, wato izinin likitan da ya ga hoton ƙashinka da kuma aikin ma'aikacin gashin ƙashi. In ɗorin gida aka yi maka, ka je asibiti a ɗauki hoto kafin ka ɗora nauyi a kan gaɓar, ko a asibitin ƙashi na Dala da ke Kano ko a wani mai sashen ƙashi kusa da kai. Rashin jin zafi ba shi ne shaidar haɗewa ba.

Keken ɗaki

Iri biyu ne. Akwai keken motsa jiki da ake gani a wuraren atisaye, akwai kuma ƙarfen da ake kafa keken mutum a kai ta tayar baya. Ƙarfen mai sauƙi yana kamawa daga kusan dala 100 zuwa 200. Wanda ake cire tayar baya a ɗaura sarƙa a jikinsa, mai haɗuwa da waya ko kwamfuta, irin na Wahoo da Tacx, yana kai dala 400 zuwa 1,000, ban da kuɗin wata-wata in kana son manhaja irin Zwift. Mai sauƙin ba ya buƙatar wuta, kuma zai yi shekaru bai nemi komai ba. Abin da ke lalacewa shi ne keken da ke kansa, saboda gumi yana cin ƙarfe da ƙusoshi, don haka ka riƙa shimfiɗa tawul kana gogewa.

Ta fuskar haɗari babu mai kama ƙafarsa, tunda babu faɗuwa. Mai ciwon kafaɗa ko wuyan hannu zai iya zama a miƙe ya tuƙa ba tare da ya dafa hannun keke ba, makonni kafin a yarje masa fita. Ga mai ciwon gwiwa kuwa, keken ɗaki yana cikin abubuwan da masu gashin ƙashi ke fara sa shi a kai. Gwiwa tana buƙatar lanƙwasa kimanin digiri 110 kafin feda ta zagaya gaba ɗaya, in ba ta kai ba sai a ɗaga sirdi kaɗan a riƙa kai ta gaba a dawo da ita baya. Mai buguwar kai ma ta nan yake farawa. Matsayar da ƙwararru suka cimma a taron Amsterdam na 2022 ita ce hutu na sa'a 24 zuwa 48, sannan motsa jiki mai sauƙi irin wannan, ana ƙarawa mataki-mataki, kowane mataki aƙalla sa'a 24, kuma ba a komawa inda kai zai iya sake buguwa sai likita ya amince.

Aibinsa ɗaya ne, amma babba ne. Yana dawo da numfashi da ƙarfin cinya, ba ya dawo da ido da hannu. Mutum zai yi wata biyu a ɗaki, ƙafafunsa su koma kamar da, ya fita da ƙarfin da zai kai shi gudu mai yawa alhali hannunsa ya manta awon birki a kan tsakuwa. Sai kuma gundura da zafi. Ba tare da fanka ba, minti 30 a watan Afrilu azaba ce.

Mai shoka a gaba kawai

Wannan shi ne keken da yawancinmu muke da shi. Nauyinsa kilo 12 zuwa 14, shokarsa ta gaba tana nutsewa milimita 100 zuwa 140, sabo mai kyau yana tsakanin dala 700 da 1,500, na hannu kuma ƙasa da haka nesa. Ƙarkonsa ya fi na sauran: babu mahaɗai masu motsi a baya, babu lantarki, kuma galibin matsalolinsa mai gyaran keke na unguwa zai iya da su, in ban da birkin mai da cikin shoka.

Gaskiya ne yana da tauri. Duk dutsen da tayar baya ta taka sai ka ji shi a idon sawu, da gwiwa, da ƙugu. Mai ciwon baya zai sha wuya a kansa a hanya mai gargada. Amma taurin nan yana da amfanin da ba a cika faɗa ba: yana hana ka gudu. Tun kafin ka kai gudun da zai yi maka illa keken ya fara girgiza ka, dole ka sassauta, ka zaɓi inda za ka sa taya. Ga mai neman hannunsa ya dawo, wannan makaranta ce.

Kuma da kuɗi kaɗan ana sauya halinsa. Taya mai faɗin inci 2.4 ko 2.6 marar tiyub, wadda ake zuba wa ruwan liƙe huji, tana ba ka damar rage iska zuwa PSI 20 zuwa 25 (awon iskar taya) gwargwadon nauyinka, sai ta riƙa shanye ƙananan duwatsu ta kuma kama ƙasa. A wurinmu tana da ƙarin riba saboda ƙaya, sai dai ruwan yana bushewa da wuri a zafi, a duba shi duk bayan wata biyu ko uku. Ɗaga hannun keke sama kaɗan yana rage nauyin da ke sauka a wuyan hannu da kafaɗa. Mariƙi mai kauri da taushi yana rage girgiza. Sandar sirdi mai sauka da tashi, wadda ake dannawa da yatsa, tana kai dala 150 zuwa 300, kuma a ganina babu kayan da ya fi ta amfani ga mai dawowa daga jinya, domin sirdi yana sauka ƙafarka ta taɓa ƙasa nan take. Mai ciwon gwiwa zai amfana da gajeren ƙarfen feda, milimita 165 maimakon 175, don gwiwa ba za ta lanƙwashe sosai ba.

Sai batun feda. In da kana amfani da mai kama takalmi, irin SPD na Shimano, ka ajiye ta na wani lokaci ka sa shimfiɗaɗɗiya. Fitar da ƙafa daga mai kamawa sai an murɗa dunduniya, murɗawar kuwa a gwiwa da idon sawu take ƙarewa, ga kuma ɗan jinkirin da ke sa mutum ya faɗi ta gefe a kan kafaɗar da aka gama jinya.

In da wannan keken ka faɗi, a duba shi sosai kafin ka hau. Tsaga a jikin ƙarfe ko a hannun keke, musamman na kabon, ba kullum ido ke ganinta ba. Hannun da ya daki dutse da ƙarfi a canza shi kawai.

Mai shoka gaba da baya

Nan ne daɗi yake, nan ne kuma kuɗi ke tafiya. Mai nagarta yana farawa daga kusan dala 2,000 ya haura 4,000, nauyinsa kilo 13 zuwa 16, shokokinsa na nutsewa milimita 120 zuwa 160 a irin na yawon daji. Tayar baya tana manne da ƙasa, birki ya fi kamawa, kuskure kaɗan a zaɓen hanya keken zai yafe maka. Wanda ya ji ciwo a baya, ƙugu ko idon sawu zai ji bambancin tun a kilomita ta farko, kuma zai fi daɗewa a kan sirdi kafin gajiya ta kama shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda faɗuwa da yawa a ƙarshen tafiya take zuwa, lokacin da hannu ya mutu.

Matsalarsa ita ce wadda na ce ka riƙe. Hanyar da a da kake bi a hankali yanzu za ta zama kamar an share ta, gudu ya ƙaru ba ka sani ba. Ƙarfin buguwa kuwa ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin da jiki zai sha ya ninka sau huɗu. Wato keken yana rage yawan ƙananan faɗuwa, amma wadda ta zo takan zo da girma.

Gyaransa ma sai an shirya. Kamfanin ƙera shoka na RockShox na son a yi wa shokar gaba ƙaramin sabis duk sa'a 50 na hawa, babba kuma a sa'a 200. Kamfanin Fox na cewa sa'a 125 ko shekara guda. Ƙurar hunturu tana sa lokacin ya matso. Ga boris na mahaɗan baya da ke ci su nemi canji. Wanda ke Landan ko Jamus shago ne a bayan gidansa. Wanda ke hawa a duwatsun Shere na Jos ko wajen Mpape da Ushafa a Abuja sai ya tambayi kansa wa zai buɗe masa shokar baya, kuma daga ina robobin cikinta za su zo. Ka kuma guji masu arha da ake sa wa sifirin a baya don ado. Nauyi ne kawai da tsalle-tsalle, mai shoka ɗaya na kirki ya fi su aminci.

Mai batir

Injinsa ba ya tuƙa ka, taimaka wa ƙafarka yake yi in kana taka feda. A dokar Tarayyar Turai taimakon yana yankewa a kilomita 25 cikin sa'a, a Amurka kuwa rukunin farko na irin waɗannan kekuna yana kai kusan 32. Manyan injinan su ne na Bosch da Shimano, batir kuma galibi Wh 500 zuwa 750, wato awon wutar da yake ɗauka. Farashi daga dala 4,000 zuwa 8,000 ko fiye.

Amfaninsa ga mai dawowa daga jinya a fili yake. Hawan tudu da giya mai nauyi shi ne abin da ya fi matsa gwiwa, shi kuwa wannan yana ba ka damar juya feda da sauƙi, sau 80 zuwa 90 a minti, ko a tudu mai tsayi. Kai ne ke zaɓar yawan wahalar da za ka sha, yau da yawa, gobe kaɗan. Wanda numfashinsa ya ragu zai iya bin abokansa ba a tsaya jiransa ba, kuma hawa cikin jama'a ya fi aminci ga mai sabon warkewa fiye da fita shi kaɗai.

Sai dai nauyinsa kilo 22 zuwa 25 ne, marasa nauyin cikinsu 17 zuwa 20. Mai ciwon kafaɗa ko wuyan hannu ya yi tunani sau biyu, domin ɗaga shi kaɗai zai iya tayar da ciwon, a gangara kuma sai an fi matsa birki, an fi kokawa da shi a kwana. Yana kuma kai ka nesa da sama fiye da abin da ƙarfinka zai kai ka, duk tudun da ya hau da kai kuwa da hannunka za ka sauko. In batir ya ƙare a daji, turo wannan nauyi zuwa gida da gwiwa mai ciwo ba wasa ba ne.

Ta wajen ƙarko, batirin litiyam ba ya shiri da zafi. Barinsa a rana ko cikin mota a lokacin bazara yana rage masa kwana, sabo kuma dala 500 zuwa 1,000 ne. Jiragen fasinja ba sa ɗaukar batirin da ya wuce Wh 160, don haka ba za ka saƙa shi a jakar ɗan'uwa mai dawowa daga Turai ba. Injin in ya samu matsala sai dilan da ke da na'urar kamfanin. Yana kuma cin sarƙa da birki da sauri fiye da sauran.

| Zaɓi | Farashi (dala) | Ƙarko da gyara | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Keken ɗaki | 100 zuwa 1,000 | Yana daɗewa, gyara kaɗan | Mai sauƙi, akwai gundura | Babu faɗuwa |
| Shoka a gaba kawai | 700 zuwa 1,500 | Ya fi kowa, ana samun mai gyara | Marar nauyi, mai tauri | Matsakaici, yana hana gudu |
| Shoka gaba da baya | 2,000 zuwa 4,000 da sama | Sabis akai-akai, sai ƙwararre | Mai taushi a jiki | Faɗuwa kaɗan, amma da gudu |
| Mai batir | 4,000 zuwa 8,000 da sama | Batir da inji sai dila | Sauƙi a tudu, nauyi a hannu | Nauyi, nisa da gudu |

Abin da teburin bai nuna ba

Hular kwanon da ta bugu ta gama aiki, ko da ba ka ga tsaga ba, domin soson cikinta sau ɗaya yake murƙushewa ya shanye bugu. Sayi sabuwa mai shaidar inganci ta EN 1078 (ta Turai) ko CPSC (ta Amurka) kafin ka sayi komai, ka ƙara da kariyar gwiwa da safar hannu. Kuɗin waɗannan, da na zaman gashin ƙashi, su ya kamata ka fara warewa, abin da ya rage shi ne na keke.

Sai tsoro. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma wannan ba ragwanci ba ne. Amma a kan keke tsoro yana sa jiki ya sandare, ido ya kafe a kan dutsen da ake gudu, yatsa ya damƙe birkin gaba, waɗannan kuwa su ne ke kayar da mutum. Sabon keke ba ya cire shi. Abin da ke cire shi maimaici ne a wuri mai sauƙi: fili mai jar ƙasa, birki, kwana, tsayawa, sannan hanyar da ka sani ciki da waje. Inda ake yi wa hanyoyi alama da launi, ka koma kore da shuɗi, masu sauƙi, ko da a baƙa mai wuya kake hawa a da.

Kada kuma ka auna kanka da ƙwararru. Tom Pidcock na Birtaniya ya karya ƙashin kafaɗa, cikin ƙasa da wata biyu ya ci zinare a keken dutse a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021. Bayansa akwai likitoci da masu horarwa da ba su da wani aiki sai shi. Labarin Rachel Atherton, ita ma 'yar tseren keken dutse ta Birtaniya, ya fi kusa da rayuwar mutane: jijiyar agararta ta tsinke a 2019, ta haihu a tsakani, sai a 2023 ta sake cin gasar kofin duniya ta gangara a Lenzerheide da ke ƙasar Suwizalan.

Wa ya dace da wanne

Wanda likita bai sallama ba tukuna, da mai buguwar kai, da wanda aka yi wa aikin gwiwa cikin 'yan watannin nan, keken ɗaki ne nasu, babu wani zaɓi na biyu. Mai sauƙin ya isa, ba sai mai haɗuwa da waya ba.

Mai karayar kafaɗa ko wuyan hannu da ya warke ya koma kan kekensa marar nauyi, ya ɗaga hannun keke, ya sa taya mai faɗi da sandar sirdi mai sauka, ya yi makonni a hanya mai laushi. Mai batir shi ne na ƙarshe da zan ba shi shawara. Haka wanda kuɗinsa ba su da yawa ko garinsa babu ƙwararren mai gyara: dala 300 zuwa 500 a kan keken da yake da shi za su yi masa abin da dubbai ba lalle su yi ba.

Mai ciwon baya, ƙugu ko idon sawu, wanda girgiza ce ke tayar masa da ciwo, shi ne mai shoka gaba da baya ya cancanci kuɗinsa. Ya zaɓi mai nutsewa milimita 120 zuwa 130, ba na masu tsalle ba, ya tabbatar da mai yi masa sabis kafin ya biya, kuma ya sa wa kansa iyakar gudu a watannin farko.

Mai batir na wanda gwiwarsa ba ta son tudu ne, ko wanda shekaru da doguwar jinya suka rage wa numfashi, muddin hannuwansa da kafaɗunsa lafiya suke, yana da wutar caji da inuwar ajiya, kuma akwai dila a inda zai iya kaiwa. In zai samu aro ko haya, ya gwada shi a gangara tukuna, ya kuma gwada ɗaga shi ya sa a mota shi kaɗai kafin ya ciro kuɗi.